Kifi a Matsayin Mai Gadin Ruwa: Abin da Iyonsa ke Faɗa da Abin da Ba Ya Faɗa

Gidan ruwan da ke ja daga kogi ba ya hutawa, dare da rana injinansa na zuƙa. Ɗakin gwaje-gwaje kuwa kwalba yake karɓa, sau ɗaya ko sau biyu a yini, wasu gwaje-gwajen ma sai an kwana kafin sakamako ya fito. Idan tankar maganin ƙwari ta kife a kan gada da ƙarfe biyun dare, ko wata masana'anta ta saki dagwalonta da asuba, gubar za ta zo ta wuce bakin bututu cikin 'yan sa'o'i, kwalbar da aka ɗiba da hantsi ta fito tas. In ma ta kama wani abu, ihu ne bayan hari. Ga kuma matsala ta biyu wadda ta fi wannan: na'urar gwaji abin da aka tambaye ta kaɗai take amsawa. In an saita ta neman dalma, dalma za ta nema, ko da ruwan cike yake da wata gubar daban. Sinadaran da ake saye da sayarwa a duniya dubun dubata ne, babu ɗakin gwajin da zai bi su ɗaya bayan ɗaya kowace sa'a.

Kifi ba sai an gaya masa sunan guba ba. In ta taɓa shi, jikinsa zai nuna, kuma zai nuna tun kafin ya mutu: numfashinsa ya sauya, iyonsa ya rikice, ya bar 'yan'uwansa ko ya taso sama. Masunta sun daɗe da sanin haka. Duk wanda ya ga yadda kifi ke tasowa yana juyi a gurbin da aka zuba magimfa, ko Gamalin 20 a zamanin da wasu ke wannan ɓarna, ya ga tushen ilimin gaba ɗaya. Abin da masana suka ƙara shi ne su mayar da wannan gani lissafi, su sa na'ura ta yi gadin da idon mutum ba zai jure ba.

An fara aikin sosai a farkon shekarun 1970. A Amurka, John Cairns da ɗalibansa a jami'ar Virginia Tech suka duƙufa kan auna numfashin kifi, a Jamus da Holan kuma aka fi karkata ga auna ƙarfin iyo. Abin da ya ƙara wa Turai azama shi ne gobarar da ta tashi a rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz a Schweizerhalle, kusa da Basel a Suwizalan, ranar 1 ga Nuwamba 1986. Ruwan kashe gobarar ya kwashi tan-tan na magungunan ƙwari ya zuba a kogin Rhine, kogin ya yi ja, kifaye suka mutu har tsawon kilomita ɗaruruwa, garuruwan da ke sha daga kogin suka rufe bututansu. Bayan nan ne ƙasashen da ke gaɓar Rhine suka ƙarfafa tashoshin sa ido, aka yawaita ajiye halittu masu rai a cikinsu tare da na'urori.

Me ya sa kifi ke saurin ji

Amsar tana ƙarƙashin marfin kumatunsa, a jajayen mashaƙar nan masu kama da haƙoran mataji. Lita ɗaya ta iska tana ɗauke da oksijin kusan miligiram 280. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 25 kuwa, ko ta ƙoshi da iska iyakar ƙoshi, miligiram 8 da ɗan ɗoriya take riƙewa. Don haka dole kifi ya yi ta tura ruwa mai yawa ta kan mashaƙarsa ba tsayawa, kuma fatar da ke tsakanin ruwan da jininsa 'yar siririya ce ƙwarai, kaurinta 'yan maikuromita kaɗan (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Duk abin da ya narke a ruwan ta nan zai bi. Hancinsa ma a buɗe yake ga ruwa kai tsaye, haka layin nan da ke gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, wanda yake jin motsin ruwa da shi.

Kowace guba da irin sawun da take bari. Magungunan ƙwari dangin fiya-fiya suna toshe sinadarin da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa, sai saƙon ya yi ta maimaituwa: kifi ya fara zabura, ya yi iyo a gigice, ya koma karkarwa, daga baya ya kasa tsayuwa daidai ya kife. Dangin saifametirin da deltametirin, waɗanda manoma ke fesawa da yawa, sun fi wannan tsanani ga kifi, 'yan maikurogiram a lita (maikurogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) sun isa su hallaka nau'o'i da dama. Gubar sayanayid tana hana ƙwayoyin jiki amfani da oksijin, shi ya sa kifi ke haki nan take ko da ruwan cike yake da iska. Ƙarafa irin jan ƙarfe da zinki suna cin mashaƙa, su sa ta fitar da majina, kifin ya yawaita abin da masana ke kira tari, wato ya juya ruwa baya da ƙarfi don ya wanke mashaƙarsa.

Jan ƙarfe yana da wata mugunta ta daban da ya kamata a tsaya a kanta. In kaɗan ne, kifi yana sansano shi ya gudu. An ga haka a kogin Miramichi na Kanada a shekarun 1960, inda kifin salmon mai hawa kogi don yin ƙwai ya riƙa juyawa baya saboda jan ƙarfe da zinki da ke gangarowa daga wata mahaƙa. Amma in ya yi yawa, yana lalata jijiyoyin hancin kansu, sai kifi ya daina gudu, ya zauna cikin gubar kamar ba komai. Wanda ya gina na'urarsa a kan gudun kifi kaɗai zai ji ƙararrawa a ƙaramin haɗari, babban ya wuce shiru. Wannan na cikin dalilan da ba a dogara da alama guda.

Hanyoyin aunawa

Mafi tsufa ita ce ta ƙarfin iyo. Ɗabi'ar kifin kogi ce ya fuskanci inda ruwa ke fitowa ya riƙe matsayinsa. Sai a sa 'yan kifaye a wata doguwar kwata, lokaci-lokaci a ƙara gudun ruwa, a bayansu kuma a kafa raga mai na'urar jin taɓi. Lafiyayyen kifi ba ya yarda ruwa ya kai shi raga. Wanda guba ta raunana zai yi ta buguwa da ita, in bugun ya wuce adadin da aka ƙayyade sai ƙararrawa ta tashi. An yi amfani da wannan a tashoshin Rhine da na kogin Meuse, da wani kifi ruwan zinare mai suna *Leuciscus idus*. Hanyar tana da sauƙi da ƙarko, amma tana da nauyin ji: kafin kifi ya kasa iyo, gubar ta kusa kashe shi. Shi ya sa tashoshi da yawa suka koma ga wata 'yar mitsitsiyar halitta, ƙumar ruwa, wato *Daphnia*, wadda ta fi kifi jin maganin ƙwari nesa ba kusa ba, da kuma ƙumba mai rufe bakinta in ruwa ya ɓaci.

Ta biyu ita ce ta lantarkin jiki, kuma ita ce ta fi cancantar a fayyace. Duk tsokar da ta motsa tana fitar da ɗan lantarki, ruwa kuma yana ɗaukarsa. In aka sa kifi ɗaya a ɗan ƙaramin ɗaki, aka kafa farantin gawayi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba tare da an taɓa jikinsa ba, farantan za su kama lantarkin buɗe baki da rufe marfin kumatu. Na'ura ta ƙara masa ƙarfi, kwamfuta ta fitar da abubuwa huɗu: yawan numfashi a minti, zurfinsa, yawan tari, da yawan motsin jiki gaba ɗaya. Cibiyar binciken lafiyar muhalli ta sojan Amurka wadda a lokacin take Fort Detrick a jihar Maryland ta gina irin wannan da kifin bulugil, *Lepomis macrochirus*. Kifi takwas ne, kowanne a ɗakinsa, ba ya ganin na kusa da shi. In shida cikin takwas suka kauce wa ɗabi'arsu a lokaci guda, na'urar ta ɗebi ruwa a kwalba da kanta ta kuma kira ma'aikaci. Zuwa 2006 biranen New York da San Francisco da yankin Washington suna amfani da ita a kan ruwan shansu. Babbar fa'idarta ita ce ba ruwanta da duhu ko laka, tunda ba gani take yi ba. Rauninta kuma shi ne ƙarfin saƙon ya dogara da yawan gishirin da ke narke a ruwan. In ruwan sama ya tsinka kogi, ko gishirin ya ƙaru, tsawon layin da ke kan allo zai sauya ko da kifin bai sauya komai ba, sai an gyara lissafin da ma'aunin gishirin.

Ta uku ita ce kyamara, wadda ke yaɗuwa saboda arhar kayanta. Gidajen ruwa a Japan sun daɗe suna ajiye ɗan kifin medaka a gaban kyamara. Hukumar ruwa ta Singafo, PUB, tana amfani da wani ƙaramin kifin ado mai ratsin baƙi. Manhaja tana bin kowane kifi hoto bayan hoto, ta lissafa saurinsa, da tsayin da yake iyo daga ƙasan tanki, da yawan juyawarsa, da tazarar da ke tsakaninsa da sauran. Ana auna sauri da tsawon jikin kifin a daƙiƙa, ba da santimita ba, domin kifi yana girma, in ba haka ba girmansa kaɗai zai karkatar da lissafi. Matsalar da kowa ke cin karo da ita ita ce in kifi biyu suka gitta juna, manhaja takan rikita wane ne wane. Mafita mai sauƙi ita ce a bar bin ɗaiɗaiku a auna garken: nawa ne a kashi ɗaya bisa uku na saman tanki, nawa ne suka daina motsi, garken ya dunƙule ko ya watse. A yi tankin siriri daga gaba zuwa baya don kada wani ya ɓuya bayan wani, a haska shi daga baya don kifin ya fito baƙi a kan fari.

Akwai wata ta huɗu da ba ta yaɗu ba, amma tana da daɗin ji ga mutanen yankinmu. Wasu kifayen kogunan Afirka suna fitar da lantarki mara ƙarfi don su gane hanya a ruwa mai duhu, ba irin na minjirya mai girgiza mutum ba. A jikin ɗan sarki, wanda wasu ke kira yauni, Hans Lissmann na jami'ar Cambridge ya fara tabbatar da wannan a 1951. Wani ɗan'uwansa mai dogon haɓa kamar hancin giwa, *Gnathonemus petersii*, wanda ake samu a kogin Neja, an sa shi gadin ruwan sha a garin Göppingen na Jamus, ana ƙirga bugun lantarkinsa. A Nancy ta Faransa kuma an yi irin wannan da wani kifin Kudancin Amurka. Wahalar ita ce bugun yana bin zafin ruwa sau da ƙafa, sai an riƙe zafin daram kafin a yarda cewa sauyin daga guba ne.

Inda aikin ke lalacewa: bututu

Mutane sukan zuba kuɗi a kyamara da manhaja, su manta da hanyar da ruwa ke bi kafin ya iso wurin kifi, alhali a nan ake yawan faɗuwa. Amfanin na'urar gaba ɗaya shi ne lokacin da take saya wa gidan ruwa. A ce tashar tana kilomita 5 sama da bakin bututun gidan ruwa, kogin kuma yana tafiyar rabin mita a daƙiƙa. Guba za ta ɗauki daƙiƙa 10,000 kafin ta iso, wato sa'a biyu da minti 47. Wannan shi ne jarin, duk wani jinkiri daga cikinsa ake cirewa.

To, a ce daga kogi zuwa ɗakin kifin bututu ne mai tsawon mita 200 da faɗin milimita 25 a ciki. Cikinsa lita 98 ne. In lita 2 a minti ake ja, daidai buƙatar tankin, ruwan zai yi minti 49 a hanya. Gyaran shi ne a ja lita 20 a minti, ruwan ya iso cikin minti biyar, a gutsuri lita 2 a ba kifi, sauran ya koma kogi. Sai tankin kansa. Tanki mai lita 20 da ke karɓar lita 2 a minti ba ya sauya ruwansa cikin minti 10 kamar yadda lissafin kai-tsaye ke nunawa, domin sabon ruwa gauraya yake yi da tsoho. Sai bayan minti 30 ƙarfin gubar a ciki zai kai kashi 95 cikin 100 na wanda ke kogi. Babban tanki yana da kyan gani ga baƙi masu ziyara, amma lokaci yake ci. A ɗora a kan wannan lokacin da gubar ke ɗauka kafin ta kama jikin kifi, wanda ga sayanayid 'yan mintuna ne, ga wasu ƙarafa kuwa sa'o'i.

Kayan bututun ma abin dubawa ne. Bututun jan ƙarfe, ko na ƙarfe mai rufin zinki, ko kan famfo na tagulla, su da kansu za su sa wa kifin guba. Tiyo mai laushi kuma yana shanye magungunan ƙwari masu maiƙo, ya rage abin da zai iso. Gilashi da ƙarfe mara tsatsa da teflon su ne abin dogaro. Gansakukar da ke taruwa a cikin bututu tana cin oksijin tana kuma riƙe guba, don haka a wanke shi a kai a kai. In injin jan ruwa yana zuƙar iska ta wata kafa a mahaɗa, zai matse iskar ta narke fiye da kima, ta zama kumfa a jinin kifi da idanunsa, ya mutu a ruwa mai tsabta. A bar ruwan ya zubo ta kan tsakuwa ko 'yan matakala a fili kafin ya shiga tanki, iskar da ta yi yawa ta fita, wadda ta gaza ta shiga.

Laka ita ce ciwon kan masu kyamara. Da damina kogi yakan yi jawur, kyamara ta makance. In an tace ruwan sosai, an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin saifametirin da danginsa a jikin ƙwayoyin laka suke maƙalewa, matata za ta kwashe su tare. Abin da ya fi shi ne a bar yashi ya kwanta, a tace manyan tarkace kawai, in kuma kogin mai laka ne mafi yawan shekara a zaɓi hanyar lantarki. Haka nan in ruwan da aka riga aka tace aka sa wa kulorin ake son gadi. Kulorin ɗin da ke famfo, miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita, ya isa ya ƙone mashaƙar kifi, dole a kashe shi tukuna. A yi haka da ɗigon sinadarin sodiyam tayosalfet, kada a yi da matatar gawayi, domin gawayi zai shanye kulorin ya haɗa da gubar da ake nema. A kuma sa ido kan famfon ɗigon: ranar da ya tsaya, kifin gaba ɗaya za su mutu, a ɗauka an kawo hari.

Sanin lafiya kafin sanin ciwo

Ba a gane kifi ya sauya sai an san yadda yake. Kowane kifi da irin numfashinsa, kamar mutane, don haka ana kwatanta shi da kansa ne, ba da wani adadi na littafi ba. Sabon kifi sai ya yi kwanaki a ɗakinsa ya huce daga tsoron kamu, sannan a ƙara wasu kwanakin ana rubuta ɗabi'arsa kafin a kunna ƙararrawa. Kuma a raba lissafin sa'a-sa'a: kifin ƙarfe uku na dare a kwatanta shi da na ƙarfe uku na daren jiya, domin motsin dare daban, na rana daban.

Tun kafin nan ma akwai tantancewa. Ƙa'idar gwajin guba a kan kifi ta ƙungiyar haɗin kan tattalin arzikin ƙasashe ta OECD, mai lamba 203, ta ba da ma'auni mai amfani ko a nan. A tsare sabbin kifaye a sa musu ido na mako guda: in fiye da kashi 10 cikin 100 suka mutu a watsar da rukunin duka, in tsakanin 5 da 10 ne a ƙara mako, in ƙasa da 5 ne a karɓa. Oksijin a lokacin tsarewar kada ya gaza kashi 80 cikin 100 na ƙoshi, haske kuma sa'a 12 zuwa 16 a yini. Fitilar ta riƙa kamawa a hankali tana dusashewa a hankali, domin kunna ta farat ɗaya yana firgita kifi kamar guba.

Dokar shida cikin takwas ba a banza aka yi ta ba. A ƙaddara kowane kifi yana kauce wa ɗabi'arsa sau ɗaya cikin 20 haka kawai, kuma ana duba shi kowane minti 15, wato sau 96 a yini. In kifi ɗaya ne mai gadi, ƙararrawa za ta tashi kusan sau biyar kullum, cikin mako ma'aikata za su cire mata waya. In sai shida cikin takwas sun haɗu, a lissafi sai an yi kusan shekara 70 kafin hakan ya faru bisa katari. Sai dai lissafin yana da rami: ya ɗauka kowane kifi harkar gabansa yake yi, alhali ɗaki ɗaya suke, ruwa ɗaya suke sha. Buga ƙofa, girgizar janareta, ɗaukewar wuta, inuwar mai shara, duk takwas ɗin za su ji tare. Don haka a rufe su a akwati mai duhu, a ɗora a kan roba mai shanye girgiza, a ba injin ruwa da na iska batirin ko-ta-kwana. Wasu sukan ajiye rukuni na biyu a ruwa mai tsabta a ɗaki guda: in duka biyun suka firgita, matsalar a ɗakin take, ba a kogi ba.

Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma ba kowane tsami ne guba ba. Zafi ya ƙaru da digiri 10, aikin jikin kifi ya kusa ninkawa, ga shi kuma oksijin ya ragu: miligiram 9.1 a digiri 20, ya koma 7.6 a digiri 30. A tafki mai ganye, oksijin yakan faɗi ƙasa gab da asuba saboda tsirrai sun kwana suna zuƙa, kifi ya yi ta haki ba tare da kowa ya zuba komai ba. Amoniya ta fi su wayo. Kason da ke cutar da kifi a cikinta ya dogara da ma'aunin tsamin ruwa, wato pH: a digiri 25, ƙasa da kashi 1 cikin 100 ne a pH 7, ya haura 5 a pH 8, ya kai kusan 36 a pH 9. Adadi ɗaya na amoniya zai zama lafiya da safe, da la'asar, in pH ya hau, ya zama masifa. Shi ya sa babu tashar kirki da ke ajiye kifi ba tare da na'urorin auna zafi, oksijin, pH, gishiri da laka a gefensa ba. Su ne ke raba ƙararrawar yanayi da ta guba.

Abinci ma yana rikita lissafi, kifin da ya ci numfashinsa yakan hau na sa'o'i. A tsarin bulugil ba a ciyar da su a bakin aiki, sai a sauya su bayan 'yan makonni su koma babban tanki su murmure. Sauyin yana da wani dalilin: kifin da ya daɗe a ruwa mai ɗan ƙarfe-ƙarfe jikinsa yakan ƙera furotin mai ɗaure ƙarfen, ya saba, jinsa ya yi nauyi. Manhaja ma takan saba. In tana kwatanta yanzu da sa'o'in da suka wuce kaɗai, gubar da ke ƙaruwa sannu-sannu za ta shige mata a matsayin sabuwar al'ada.

Game da zaɓen nau'i, abin da ya fi sauƙin samu ba shi ne ya fi dacewa ba. A kogunan Arewa, inda ruwan majemu da masana'antu ke shiga irin su Challawa da Jakara a Kano, tarwaɗa ce za ta fara zuwa rai, kuma ita ce mafi munin zaɓi. Tana da gaɓar shaƙar iska daga sama, in ruwa ya ɓaci sai ta taso ta shaƙa ta koma, tana rayuwa a inda sauran suka mutu. Abin da ya sa ta yi kyau a kiwo shi ya hana ta gadi. Karfasa ta fi ta, amma ita ma mai juriya ce, mazanta kuma faɗa suke a ƙaramin tanki, sai dai a yi amfani da ƙanana masu girma ɗaya. Kifin turawut da Faransawa ke so ba ya jure ruwan ɗumi. Kawo baƙon kifi kuma sai an toshe mafita da raga, kada ya tsere kogi ya zama wata annobar.

Abin da kifi ba zai faɗa ba

Ba zai faɗi sunan gubar ba, ba kuma zai faɗi yawanta ba. Ƙwayoyin kwalara da taifot ba sa damunsa, zai yi iyo lafiya lau a ruwan da zai kwantar da unguwa. Dalma da zaiba da arsenik a ƙaramin adadin da ke lalata mutum cikin shekaru ba za su sauya iyonsa a yini ɗaya ba. Wasu sinadaran kuma suna sauya ɗabi'a ta fuskar da ba ta kama da ciwo. A 2013 masu bincike a jami'ar Umeå ta Suwidin sun nuna cewa maganin kwantar da hankali oxazepam, a maikurogiram 1.8 kacal a lita, yana sa wani kifin kogunan Turai ya ƙara motsi, ya rabu da garke, ya ci abinci da sauri. Na'urar da ke jiran kifi ya raunana za ta ga wannan ta ce lafiya ta ƙaru.

Akwai kuma batun haƙƙin dabba, wanda ke rage amfani da manyan kifaye a Turai. Jamus ta daina gwajin ruwan masana'antu da kifi tun 2005, ta koma ga ƙwan kifin zebra, wanda dokar Tarayyar Turai ba ta ƙirga shi cikin dabbobin gwaji sai ya fara cin abinci da kansa, wajen kwana biyar.

Idan ƙararrawa ta tashi, abin farko na'urar ɗibar ruwa ta cika kwalabe nan take, na gilashi don magungunan ƙwari, na roba don ƙarafa, a sanyaya su a digiri 4, domin ruwan wannan mintin ba zai dawo ba. Ma'aikaci ya duba injin ruwa da iska da fitila da famfon ɗigo, ya duba layin zafi da oksijin da pH na sa'o'in baya, ya kalli kifin da idonsa. In babu abin da ya bayyana dalili, a rufe bakin bututu, a ci gaba da ba gari daga tankunan ajiya har sakamako ya fito. A nan ne ake gane yadda ya kamata a saita jin na'urar tun farko. Gidan ruwan da ke da ajiyar yini guda zai iya saita ta da kaifin ji, ya jure ƙararrawar ƙarya sau biyu ko uku a shekara ba wanda ya sani. Wanda ajiyarsa ta sa'a huɗu ce, kowace rufewa famfunan gari ne za su ƙafe, dole ya ɗaga ma'aunin ko ya nemi halitta ta biyu, kamar ƙumar ruwa, ta gaskata kifin kafin a taɓa makunni. Kuma a rubuta tun da rana tsaka sunan muƙamin da ke da ikon ba da umarnin rufewa da ƙarfe biyun dare, da wanda zai maye gurbinsa in wayarsa ba ta shiga.